Wata Guda a Kan Ƙwan Dinya

Ranar da na fara ganin Goggo ta buɗe injin ƙyanƙyasa ta jawo farantin ƙwai waje, ta ɗora shi a kan tabarma ta koma tsintar shinkafarta, sai da gabana ya faɗi. Ƙwai 12 ne, farare tas, kowanne ya cika tafin hannu, kuma na san irin kuɗin da aka zuba kafin a same su. Mu da muka tashi a gidan da ake kiwon kaji, tun muna yara ake ja mana kunne kada mu kori kaza daga kan ƙwanta, domin in ƙwai ya huce ya tashi daga aiki. Na ce, "Goggo, ba za su yi sanyi ba?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Sanyin nake so su ji, ɗan nan. Ka taɓa ganin dinyar da ta yi wata guda ba ta je wanka ba?"

Da aka yi kamar minti 15 sai ta ture tiren shinkafar, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara shi a fatar idonta, ta yi shiru kamar mai sauraren wani abu. Ta ajiye shi. Ta tsoma yatsu a kwanon ruwa mai ɗan ɗumi ta yayyafa wa ƙwan baki ɗaya, ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da faranti ta rufe. Kullum bayan la'asar haka take yi.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a wani ƙauye da Kano ta kusa cinyewa. Ta fi shekara 40 tana kiwon tsuntsaye. Da kaji ta fara, kamar kowa, ta kuma gwanance a kan dabarar nan da matan karkara suka gada, ta sa wa kaza ƙwan zabi ta yi kwanci a kai. Dinya daga baya ta shigo gidanta. Kuma dinyar da nake magana a kanta ta gida ce, mai dogon wuya da ƙarar murya, wadda ake gani a farfajiyar manyan gidaje. Waccan baƙar ta daji mai ƙaho a gaɓar fiffike, da ke kiwo a dausayin Haɗeja da Nguru, jinsinta daban. Ta gida kakanninta biyu ne: wata dinyar daji ta Turai, da wata ta ƙasar Sin. Mai ƙulluto a saman baki daga ta Sin ta fito, har da wadda Turawa ke kira "ta Afirka", wadda asalinta ba shi da alaƙa da nahiyarmu.

Abin da ya sa ƙwan dinya ke da daraja a wurin mai kiwo shi ne ƙarancinsa. Kazar gona takan yi ƙwai kusan 300 a shekara. Dinya kuwa lokaci gare ta, ta zuba 20 zuwa 50 ta tsaya sai wata shekara, sai dai irin ta Sin da kan zarce haka. Ƙwai ɗaya yakan kai giram 150, nauyin ƙwan kaza kusan 3, ɓawonsa kuma kauri gare shi. Kaza kwana 21 take yi ta ƙyanƙyashe, dinya sai ta yi 28 zuwa 30, manyan iri ma su ɗara. Wata guda cur ana tsaron abu, kuma kuskuren yini ɗaya ya isa ya ɓata shi.

Aikin tun kafin ƙwai ya shiga inji yake farawa. Goggo ba ta haɗa wa namiji ɗaya mata fiye da 3 ko 4, kuma ta sa an gina musu ɗan kwarmin siminti da ake cika wa ruwa, saboda dinya ta fi yin barbara a cikin ruwa. Safe da yamma take kwashe ƙwai, kafin rana ta dafa shi ko ƙafa ta taka. In ya yi datti sai ta goge da busasshen tsumma. Ba ta wanke shi da ruwan sanyi, don ɓawon ƙwai cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ruwan da ya fi ƙwan sanyi yakan ja ƙazanta zuwa ciki. Ta rubuta kwanan wata da fensir, ta kwantar da shi a gindin randa inda yashi ke da danshi, tana juya shi kullum. In ya wuce mako guda a ajiye, ƙarfinsa ya fara raguwa ke nan.

Daga nan sai zaɓin wanda zai yi kwanci. Uwar kanta ta iya, amma da zarar ta kwanta ta daina zuba ƙwai. Agwagwa uwar riƙo ce tagari, domin nata ƙwan kwana 35 take yi a kai, wata guda ba ya gajiyar da ita, ga ta ita ma mai son ruwa. Kaza za ta iya rufe 3 ko 4, amma nauyinsu ya fi ƙarfin bakinta, sai mutum ya riƙa juya mata. Goggo ta bi duk waɗannan hanyoyi shekara da shekaru kafin ɗanta ya kawo mata inji, kuma a ganina shi ya sa injin ya yi mata biyayya. Ta riga ta san abin da uwa ke yi a kan sheƙa, sai ta ɗauki injin a matsayin ƙirjin uwar kawai, sauran hidimar ta ɗora wa kanta.

Ƙirjin nan zafinsa digiri 37.5 ne a ma'aunin Salshiyas, in injin mai fanka ne a ciki. Ana kwantar da ƙwan dinya a gefensa, ba a tsayar da shi. Ana yi masa alama a wannan gefe, wata alamar daban a wancan, a riƙa kifa shi daga ɗaya zuwa ɗaya don kada ɗan tayin ya manne wa tantanin ciki. Goggo sau 5 take juyawa, ta haɗa shi da lokutan salla don kada ta manta. Akwai kuma hikima a adadin da ba ya rabuwa biyu: ƙwan ba zai riƙa kwana a gefe guda kullum ba.

Amma shan iskan nan na bayan la'asar shi ne zuciyar sana'ar, kuma nan ne wanda ya saba da ƙwan kaza yake faɗuwa. Dinya mai kwanci takan tashi sau ɗaya ko biyu a yini. Ta ja laushin gashin da ta fige daga ƙirjinta ta lulluɓe ƙwan, ta je ta ci ciyawa, ta sha ruwa, ta yi wanka, ta dawo da jiƙaƙƙen ciki ta kwanta. Wanda bai sani ba zai ce sakaci ne. Alhali ɗan da ke cikin ƙwai, da zarar ya yi rabin tafiya, shi ma zafi yake fitarwa daga jikinsa, kuma babban ƙwai mai kaurin ɓawo ba ya saurin sakin zafi kamar ƙarami. In aka bar shi a rufe dare da rana babu hutu, zafin cikinsa sai ya ɗara na injin, ɗan ya galabaita tun bai ga duniya ba. Fitar da shi da yayyafin ruwa su ke sauke masa wannan nauyi, domin ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya abin da ke cikinta. Manyan gidajen ƙyanƙyasa a Folan da Hangari, inda kiwon dinya babbar harka ce, su ma haka suke yi, da agogo da na'urar feshi. Goggo tana farawa bayan mako na farko da minti kaɗan, tana ƙarawa yayin da kwanaki ke tafiya. Ma'auninta fatar ido: in ƙwan ya daina jin ɗumi kuma bai kai ga sanyi ba, lokacin mayarwa ya yi.

Wannan karawa a ido ta burge ni ƙwarai, musamman da na san cewa masu tsofaffin ɗakunan ƙyanƙyasa na tubalin laka a Masar da ita suke auna zafin ƙwai, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Marubucin tarihin nan Bagirke, Diyodoras, tun kafin haihuwar Annabi Isa ya yi mamakin yadda masu kiwon kaji da dinya a Masar ke ƙyanƙyashe ƙwai ba tare da uwa ba. Goggo ba ta taɓa jin labarinsu ba. Hannu da ido ne suka kai ta inda suka kai su.

Abu na biyu da ke wa sabon shiga wuyar yarda shi ne ƙwai dole ya rame. A faffaɗan kansa akwai gurbin iska, ƙarami a farko. Ruwan cikin ƙwai yana fita ta ƙofofin ɓawo a hankali, gurbin yana faɗaɗa, kuma a nan ɗan zai shaƙi numfashinsa na farko. Ana son ƙwan ya rasa kamar kashi 15 cikin 100 na nauyinsa kafin ƙyanƙyasa, wato mai giram 150 ya dawo wajen 128. In laima ta yi yawa a inji, ruwan ba zai fita ba, gurbin ya tsaya ƙarami, ɗan ya kumbura ya kasa juyawa, wani ma ya shaƙe a ruwan da ya rage. In kuma bushewa ta yi yawa, tantani ya ƙame a jikinsa kamar fatar ganga. Littattafai sukan ce a riƙe laima wajen kashi 50 zuwa 55, amma littafi bai san garin da kake ba. A Kano da hunturu iska takan bushe har laimarta ta gaza kashi 20, leɓe ya tsage, sai an ƙara tiren ruwa a cikin inji. Da damina kuwa wani lokaci tiren ma fitar da shi ake yi. Ɗan Goggo sikeli yake amfani da shi. Ita kuwa zagaye gurbin take yi da fensir duk mako, ta ga yadda da'irar ke sauka.

Da dare ake wannan dubawa. Ta kashe fitilar ɗaki, ta dunƙule hannu a bakin tocila, ta ɗora ƙwan a kai. Na tsaya a bayanta a dare na 8 na ga abin da ba zan manta ba: ƙwan ya yi ja kamar garwashi, ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saiwar gero, a tsakiya kuma wani ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Ta ce a hankali, "Masha Allah, wannan da rai." Na gaba da ta ɗora haske ya ratsa shi tas, babu komai sai inuwar gwaiduwa, ba a yi masa barbara ba. Wani kuma zoben jini ne ya zagaye shi, alamar ɗan ya fara ya tsaya. Duk irin waɗannan ta ware su. Baragurbi in aka bar shi cikin zafi yakan fashe, ya watsa wa lafiyayyu cuta. A cikin 12 ɗin nan, 9 suka tsallake wannan dare.

Kowa ɗauke wuta yake tsoro, kuma da gaskiyarsa. Amma ƙwan da ya yi nisa yana jure sa'o'i na sanyi in an lulluɓe injin da bargo, a sa kwalaben ruwan ɗumi a ciki. Zafi shi ne makashi. A watan Afrilu, lokacin da inuwa ma kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi injin zafi, kuma inji ɗumama ya iya, bai iya sanyayawa ba. Shi ya sa Goggo ta ajiye nata a tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ta ƙi yarda a mayar da shi sabon gini.

A rana ta 27 komai ya canza. Aka daina juyi, aka daina shan iska, aka cika tiren ruwa har da jiƙaƙƙen tawul don laima ta hau zuwa kashi 75, aka rufe. A ciki ɗan ya juya kansa ya huda tantani ya shiga gurbin iska. In ka kara kunne a jikin injin za ka ji ƙwas-ƙwas, sannan wani siririn kuka daga cikin ƙwan da ko tsagewa bai yi ba. A kan sheƙa uwa takan amsa wannan kuka, su san muryar juna tun kafin su ga juna. Goggo ita ma takan sunkuya ta yi musu magana.

Kwana guda bayan haka sai ɗan tsagi ya bayyana a ɓawo, kamar an ƙwanƙwasa da tsinke daga ciki. Da wani ɗan ƙaho da ke kan bakinsa yake yin wannan, wanda zai faɗi bayan 'yan kwanaki. Daga nan kuma sai shiru. Wuni ya wuce, dare ya wuce, ramin bai ƙaru ba. Ta gilashi ina ganin bakin wani yana buɗewa yana rufewa, yana kuka, kuma wallahi ji nake kamar taimako yake nema. Da gari ya waye na kasa daurewa, na kai hannu ga murfin. Goggo ta riƙe min wuyan hannu. Ta ce, "Bari, ɗan nan. Bai gama shan gwaiduwarsa ba. In ka ɓare shi yanzu, jininsa za ka zubar."

Gaskiyarta ce, kuma duk mai son shiga wannan sana'a ya kamata ya san dalili. A waɗannan sa'o'i da ake ganin kamar ɗan ya kasa, manyan ayyuka biyu yake yi. Jijiyoyin da suka shimfiɗu a jikin tantani, waɗanda ta cikinsu yake samun iska tsawon wata guda, suna janye jininsu zuwa jikinsa yayin da huhunsa ke karɓar aiki. Ragowar gwaiduwa kuma tana shiga cikinsa ta cibiya, ita ce guzurin da zai rayu a kai kwana 2 na farko. Ɗan dinya kan ɗauki kwana 1 zuwa 2 tsakanin tsagin farko da fitowa. Buɗe murfi ma kaɗai illa ne, domin busasshiyar iska na shiga tantanin ya ƙame. Goggo tana taimakawa, amma sai bayan kwana 2 sun cika, ta shafa wa tantanin ruwan ɗumi ta ga babu sauran jan jini a cikinsa. Ko a nan ɗan ɓawon sama kawai take cirewa, ta bar shi ya tura kansa waje.

Wanda na so in ɓare da azahar ya farka. Ya fara sarar ɓawo yana juyawa a ciki, tsagin yana zagaye kan ƙwan kamar ana yanka ƙwarya. Cikin sa'a guda ya tokare ƙafa, murfin ya ɗage, ya zubo waje jiƙe sharkaf, wuya a miƙe, yana haki. Kafin magariba ya bushe ya zama dunƙulen gashi mai ruwan ɗorawa, yana tsaye da ƙafafunsa. Guda 8 suka fito. Ɗaya ya mutu a cikin ɓawo, Goggo ta fasa shi ta duba, ta ga kansa ya juya zuwa tsukakken gefe inda babu iska.

Ɗan dinya abin da ya fara gani yana motsi yana magana shi ne uwarsa. Masanin dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, ya yi bayanin wannan ɗabi'a a 1935, hotunansa da jerin 'ya'yan dinya a bayansa suka zagaye duniya, kuma a 1973 ya samu kyautar Nobel tare da wasu masana 2. A gidan mai kiwo wannan nauyi ne. Ɗan da aka raina shi kaɗai a hannu yakan ɗauki kansa mutum, ya yi ta kuka in an bar shi, ya girma ya ƙi 'yan'uwansa. Goggo ba ta raba su, ba ta kuma barin jikokinta su ɗauki ɗaya su tafi da shi wasa.

Renon ya fi ƙyanƙyasa sauƙi, amma yana da tarkunansa. A babban kwali take sa su, da fitila a gefe guda, ɗumin wajen digiri 32 a makon farko, ana ragewa kamar 3 duk mako. Su da kansu suke faɗin yadda suke ji: in sun cure a gindin fitila suna kuka sanyi ne, in sun watse gefe baki buɗe zafi ne. Ƙasan kwalin tsohon buhu ko tawul ake shimfiɗawa, domin santsin leda ko jarida yakan sa ƙafafu su baje, ɗan ya tashi gurgu. Ruwan sha ya yi zurfin da za su tsoma baki su wanke hanci, amma a zuba tsakuwa a ciki don kada su shiga. Mutane sukan yi mamakin jin cewa ɗan tsuntsun ruwa yana mutuwa da ruwa. Wanda uwa ta ƙyanƙyashe yana samun maiƙo daga gashinta, na inji kuwa ba shi da shi, in ya jiƙe sanyi ya kama shi nan da nan.

Abincinsu na 'yan tsaki ne a makonnin farko, amma dinya dabbar ciyawa ce, tun kwana na 2 ko na 3 Goggo ke yanka musu latas da ɗanyar ciyawa ƙanana-ƙanana, da ɗan yashi don niƙa. Sun fi 'yan tsakin kaza buƙatar sinadarin niyasin, wanda na cikin masara jiki ba ya iya ɗauka sosai, kuma rashinsa yana lanƙwasa ƙafa. Tana barbaɗa musu garin ƙuliƙuli kaɗan, bayan ta shinshina ta tabbatar babu funfuna, saboda gubar da ke cikin ruɓaɓɓiyar gyaɗa ko masara tana kashe 'ya'yan dinya da na agwagwa da sauri fiye da kaji. Bayan mako 3 take rage abinci mai ƙarfi ta ƙara ganye. In aka cika musu ciki da shi, fiffike kan yi nauyi kafin ƙashi ya yi ƙwari, ya murɗe waje har abada. Sauran tsaro kuwa irin wanda kowa ya sani ne: shirwa da rana, gafiya da muzuru da dare.

Da na koma bayan wata 2 da ƙyar na gane su. Gashin ɗorawa ya tafi, fararen fuka-fukai sun fito, kowanne ya doshi kilo 4. Goggo ta buɗe ƙofar baya ta yi gaba da sandarta zuwa bakin lambun maƙwabta, su 8 suka jeru a bayanta suna surutu, in ta tsaya su tsaya. Ta zauna a kan dutse suka baje suna fizgar ciyawa. Na tambaye ta wanne ne nawa, wanda ta riƙe min hannu a kansa. Ta nuna wani da ke can gefe yana miƙa wuya yana yi wa akuya huci. Ta ce, "Ga shi can. Namiji ne, shi zan bari."